GARGAƊIN ƘARYA DA TALLAN DOLE: YADDA AKE RABA KWAMFUTA DA SU

Wannan jawabi ne da aka shirya domin karantawa a azuzuwan yaƙi da jahilci da tarurrukan ƙungiyoyin gama kai. Ana son malamin aji ya karanta shi a hankali. In da kwamfuta ko waya a kusa, a riƙa nunawa ana gwadawa.

 

A yau kwamfuta ta shigo ƙauye. Akwai ta a makarantar sakandare. Akwai ta a shagon buga takardu na bakin kasuwa. Sakataren ƙungiyar manoma yana ajiye sunayen membobi da lissafin taki a cikinta. Tun daga 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, don haka iyaye da yawa sun daure sun saya wa 'ya'yansu ko da tsohuwa ce. Wayar shafa da ke aljihun manomi ita ma ƙaramar kwamfuta ce.

Amma akwai wata damuwa da ke addabar masu waɗannan na'urori. Mutum yana cikin aikinsa, sai wani jan rubutu ya faɗo a kan allo. Rubutun ya ce cuta ta kama kwamfutar. Ya ce a danna nan da gaggawa, ko a buga wata lamba. A rufe shi, ya dawo. Gobe ma ya dawo. Tallace-tallace su yi ta ɓullowa ba wanda ya kira su. Wasu ma hotunan banza ne da ke sa dattijo jin kunya a gaban iyalinsa.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne wannan: yawancin irin wannan gargaɗi ƙarya ne, kuma tarko ne. Rufe shi kawai ba ya magani. Sai an nemo saiwarsa an tuge.

MENE NE CUTAR KWAMFUTA?

Kwamfuta ba ta aiki sai da umarni. Tarin umarnin da aka rubuta mata shi ake kira manhaja. Akwai manhajar rubutu, da ta lissafi, da ta kallon fim. Haka kuma akwai muguwar manhaja, wadda wani ya rubuta don ya cuci mutane. Ita ce ake kira bairos, ko cutar kwamfuta. Ba ta kama mutum. Ba iska ko ƙura ke kawo ta ba. Daga wata na'ura take tsallakowa zuwa wata.

Abin ya daɗe. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahor na ƙasar Pakistan suka rubuta wata cuta mai suna Brain. Ta yaɗu ta hanyar faifan da ake ɗauka daga kwamfuta zuwa kwamfuta. A watan Mayu na 2017 wata mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150. Har asibitocin Ingila ta shiga, aka ɗage wa marasa lafiya aiki. Masu ita suka nemi a biya dala 300 kafin su buɗe kowace kwamfuta.

Wadda ta fi damun talaka ita ce manhajar talla. Aikinta shi ne cusa talla da ƙarfi. Duk tallan da aka gani ko aka danna, mai manhajar yana samun 'yan kuɗi daga masu tallan. In ta shiga na'ura dubu ɗari, kuɗin sun taru. Shi kuwa mai na'ura asara ce tasa. Datarsa tana ƙarewa da wuri. Batir yana zuƙewa. Kwamfuta tana nauyi kamar jakin da aka yi wa kaya fiye da kima. Wani lokaci kuma tallan ne ke jan mutum zuwa hannun 'yan damfara.

Manomi zai fi gane ta in an kwatanta ta da ƙuduji. Ƙuduji ba ya rayuwa shi kaɗai. Yana manne wa saiwar gero ko dawa a ƙarƙashin ƙasa, yana tsotse abincinsu. Furensa yana da kyan gani, amma gona tana mutuwa. Wanda ya sare kansa kawai bai yi komai ba, domin irinsa yana nan kwance a ƙasa, yana iya jira fiye da shekara 10. Haka manhajar talla take.

TA INA TAKE SHIGOWA?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙofofin da ta fi bi guda 4 ne.

Ta farko ita ce kayan banza. Mutum ya ga manhajar kuɗi ana ba da ita kyauta a wani lungu na intanet, ya sauke. Ko ya sauke wasa, ko manhajar kallon ƙwallo. Sau da yawa an ɗaura wa kayan wata manhaja a gindi. Lokacin sakawa, mai gaggawa ya yi ta danna "Next", wato ci gaba, bai karanta komai ba. Da hannunsa ya buɗe wa ɓarawo ƙofa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ta biyu ita ce filashi da mimori. Ana kai su shagon masu tura fina-finai da waƙoƙi. Filashi ɗaya yana shiga kwamfuta goma a yini. In ɗaya tana da cuta, ya kwaso ya raba wa saura. Akwai wata sananniyar cuta da ke ɓoye takardun da ke cikin filashi, ta bar hotunansu masu 'yar kibiya a gefe. Wanda ya danna hoton ya shuka cutar a kwamfutarsa.

Ta uku ita ce tura manhaja daga waya zuwa waya, ko sauke ta daga kasuwar da ba ta Google ba. A 2019 masu bincike na kamfanin Check Point sun gano wata cuta da suka sa wa suna Agent Smith. Ta kama waya kusan miliyan 25, mafi yawa a ƙasar Indiya. Ta shiga ta irin wannan kasuwa ta bayan fage. Tana musanya manhajojin gaskiya irin su WhatsApp da jabunsu masu cusa talla.

Ta huɗu ita ce izinin sanarwa. Mutum ya buɗe wani shafi, sai shafin ya ce a danna "Allow" kafin a ga bidiyo. Ma'anar "Allow" ita ce na yarda. Da zarar an danna, an ba shafin izinin aiko da saƙo kowane lokaci. Daga nan jajayen gargaɗi za su fara fitowa a kusurwar allo. A wannan hali sau da yawa babu wata cuta a cikin kwamfutar. Izinin da aka bayar ne kawai ke aiki.

YADDA AKE GANE GARGAƊIN ƘARYA

Gargaɗin ƙarya yana da alamomi. Wanda ya san su ba zai firgita ba.

Yana da hayaniya. Yakan zo da jan launi, da ƙara, da agogo mai ƙirga lokaci. Yana cewa saura minti 5 komai ya goge. Nufinsa shi ne tsoro ya hana mutum tunani.

Yana faɗar adadi. Ya ce an ga cuta 13, ko 27. Shafin intanet ba shi da ikon binciken cikin kwamfuta haka nan. Adadin ƙirƙira ne. Duk wanda ya buɗe shafin abu ɗaya ake gaya masa.

Yana ba da lambar waya. Kamfanin Microsoft, mai manhajar Windows, ya sha bayyana cewa gargaɗinsa na gaskiya ba ya zuwa da lambar waya. Duk gargaɗin da ya ce a kira wata lamba, na 'yan damfara ne.

Yana neman kuɗi, ko lambar katin banki, ko ya ce a sauke wani magani nan take. Maganin nan shi ne cutar.

Gargaɗin gaskiya kuwa ba shi da hayaniya. Yana fitowa daga mai gadin da ke cikin kwamfutar. A Windows 10 da Windows 11 akwai mai gadi na kyauta da ya zo tare da su, sunansa Microsoft Defender. Alamarsa garkuwa ce. Wanda ke shakka, sai ya rabu da saƙon da ya faɗo. Ya buɗe "Windows Security" da kansa ya duba. In da cuta, zai gan ta a rubuce a can.

ABIN YI IDAN YA FAƊO

Kada a danna komai a jikinsa. Ko alamar rufewa da ke jikin tallan tana iya zama tarko. A rufe manhajar shiga intanet ɗin gaba ɗaya, wato burauza irin su Chrome ko Edge. Ana yin haka da danna maɓallan Alt da F4 tare. In ta ƙi, a danna Ctrl da Shift da Esc tare. Jerin abubuwan da ke aiki zai fito. A zaɓi burauzar, a danna "End task". In duk ya gagara, a danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 10 har kwamfuta ta mutu. Idan an sake kunnawa, burauza za ta tambaya ko a dawo da shafukan da aka rufe. Kada a yarda.

Kada a kira lambar. Wanda ya kira zai ji murya mai ladabi. Za a ce masa ya saka wata manhaja don a gyara masa daga nesa. Da ya saka, wani baƙo ya karɓi linzamin kwamfutarsa. Yana ganin komai, har shiga asusun banki.

Kada a ba kowa lambar sirri ta kati. Kada a ba da lambar BVN ko NIN a irin waɗannan shafuka. Kada a karanta wa kowa lambar da banki ya aiko ta tes. Banki ba ya tambayar lambar sirrin mutum, ko ta waya ko ta saƙo.

YADDA AKE TUGE SAIWAR

Wannan aiki mataki-mataki ne. Wanda bai iya Turanci ba ya zauna da ɗansa ko malamin aji. Kafin a fara, a kwafe muhimman takardu da hotuna a ajiye a wani wuri.

Mataki na 1: a janye izinin sanarwa. A buɗe Chrome. A kusurwar sama ta dama akwai ɗigo uku. A danna su, a shiga "Settings", sannan "Privacy and security", sannan "Site settings", sannan "Notifications". Za a ga jerin shafukan da aka ba izini. Duk sunan da ba a sani ba, a toshe shi da "Block". Mutane da yawa a nan damuwarsu ke ƙarewa.

Mataki na 2: a cire baƙuwar manhaja. A shiga "Settings" na Windows, sannan "Apps". A jera manhajojin bisa ranar da aka saka su. Mai kwamfuta ya tuna ranar da damuwar ta fara. Manhajar da ta shigo a wannan rana, wadda bai san ta ba, ita ce abin zargi. A danna "Uninstall", wato cirewa. Amma a yi hattara. Wasu manhajojin na kwamfutar ne da kanta. In ana shakka a tambayi masani kafin a cire. Matambayi ba ya ɓata.

Mataki na 3: a duba abin da ya maƙale wa burauza. Akwai ƙananan manhajoji da ke hawa jikinta kamar kaska a jikin sa. A ƙarƙashin ɗigo uku ɗin nan akwai "Extensions". A buɗe, a cire duk wanda ba mai kwamfuta ne ya saka da saninsa ba.

Mataki na 4: a mayar da burauza yadda ta zo. A cikin "Settings" akwai "Reset settings". Wannan yana gyara shafin farko da manhajar talla ta canja. Ba ya goge takardun mutum ko hotunansa.

Mataki na 5: a sa mai gadi ya bincika gida duka. A buɗe "Windows Security", a shiga "Virus and threat protection", sannan "Scan options", a zaɓi "Full scan". Yakan ɗauki awa ɗaya ko fiye, don haka a tabbatar da akwai caji. Akwai kuma wata manhaja ta kyauta mai suna AdwCleaner, ta kamfanin Malwarebytes. An yi ta musamman don kakkaɓe manhajar talla. A sauke ta daga shafin kamfanin kaɗai, domin akwai jabu.

ME YA SA YAKE DAWOWA?

Wani zai yi duk wannan, bayan kwana biyu gargaɗi ya dawo. Kada ya karaya. Akwai dalili, kuma ana iya gano shi.

Wani lokaci filashi ne. An wanke kwamfuta, an sake soka filashi mai cuta. Kamar a yi wa garke magani ne, a mayar da shi mashayar da ya kwaso cutar. Dole a binciki filashi da mimori su ma.

Wani lokaci manhajar satar nan ce da aka ƙi rabuwa da ita. Mai gadi yana cire cutar, ita kuma tana sake haifar ta. Muddin tana nan, gargaɗi ba zai daina ba. Wasu masu gyara sukan kashe mai gadi don manhajar sata ta zauna lafiya. Wannan kamar a ɗaure kare ne don ɓarawo ya samu barci.

Wani lokaci cutar ta ɓoye wani umarni da ke tashe ta duk sanda aka kunna kwamfuta. Irin wannan sai a yi mata binciken da ake kira "Microsoft Defender Offline scan". Yana nan a wurin da aka zaɓi "Full scan". Kwamfuta za ta mutu ta tashi, a yi binciken kafin cutar ta farka. Yakan ɗauki kamar minti 15.

Akwai masu taurin kai ƙwarai. A 2019 an gano wata cutar waya mai suna xHelper. A cire ta, ta dawo. A wanke waya gaba ɗaya, ta sake dawowa. Irin wannan ba aikin gida ba ne. Sai a kai wa mai gyara amintacce ya sake ɗora wa na'urar manhajarta daga tushe.

Tsufan manhaja ma dalili ne. Kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 7 gyara a ranar 14 ga Janairu, 2020. Windows 10 kuma wa'adin kulawarsa na yau da kullum ya ƙare a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutar da ba ta samun gyara kamar gida ne mai rusasshiyar katanga. Wanda zai sayi tsohuwar kwamfuta ya tambaya ko tana ɗaukar Windows 11. Wanda tasa ba ta ɗauka, ya guji shiga banki da ita.

MASU WAYA FA?

Hanyar kusan ɗaya ce. A Chrome na waya ma akwai ɗigo uku, da "Settings", da wurin toshe sanarwa. A shiga jerin manhajojin waya a duba su ɗaya bayan ɗaya. Muguwar manhaja takan ɓoye kanta. Wata ba ta da hoto, wata ba ta da suna, sai fili kawai a cikin jerin. Wata kuma tana fakewa da sunan tocila, ko mai share waya, ko mai ƙara ƙarfin batir. A cire su.

A cikin Play Store akwai mai gadi mai suna Play Protect, wanda Google ya fito da shi a 2017. A tabbatar yana kunne, a sa shi ya bincika. In kati yana zirarewa ba dalili, mai yiwuwa an shigar da layin wani tsarin biya ba da sanin mai shi ba. A kira kamfanin layin a ce a cire. A Nijeriya ana tura kalmar STOP zuwa 2442 don tsayar da saƙonnin talla. In kamfani bai saurari koke ba, hukumar sadarwa ta NCC tana da lambar kyauta, 622.

Wanke waya gaba ɗaya shi ne mataki na ƙarshe. Kafin a yi, a kwashe lambobi da hotuna. Mai waya ya tabbatar ya san sunan asusunsa na Google da kalmar sirrinsa. In bai sani ba, wayar tana iya kulle masa bayan an wanke.

WANDA YA RIGA YA FAƊA TARKO

Kada kunya ta sa ya yi shiru. Masu digiri ma ana damfarar su. In ya ba da lambar kati, ya garzaya banki ko ya kira su a toshe katin a ranar. In ya bar wani ya shiga kwamfutarsa daga nesa, ya kashe intanet nan take. Ya canja kalmomin sirrinsa ta amfani da wata na'ura mai lafiya. Sakataren ƙungiya ya sanar da shugabanni da wuri, domin sunaye da lambobin membobi amana ce. Ana iya kai ƙara wurin 'yan sanda. A Nijeriya akwai dokar hukunta masu laifin intanet tun 2015.

Wanda zai kai na'ura gyara ya zaɓi mutumin da aka sani a gari. Ya tsaya a yi aikin a gabansa in zai yiwu. Kada ya ba da lambar sirrin banki, domin gyara ba ya bukatar ta. Ya tambayi mai gyara abin da ya cire da abin da ya saka.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

A sauke manhaja daga Play Store ko daga shafin kamfanin da ya yi ta. A bar mai gadi a kunne kullum. In na'ura ta nemi a sabunta ta, a daure a sayi data a yi. A binciki kowane filashi kafin a buɗe shi. Ƙungiya ta ajiye lissafinta wuri biyu, kuma kada ta watsar da littafin rijista na takarda. Iyaye su ja kunnen yara, domin yawancin kayan banza hannunsu ke sauke su.

Babban makami shi ne karatu. 'Yan damfara suna cin kasuwa ne a kan wanda ke danna abin da bai karanta ba. Ɗalibin yaƙi da jahilci ya koyi kalmomi huɗu ya rubuta su a littafinsa. "Allow" na nufin na yarda. "Block" na nufin toshe. "Install" na nufin saka. "Cancel" na nufin fasa. Wanda ya san waɗannan, ya kuma tsaya ya karanta kafin ya danna, ya rufe ƙofofi da yawa. In abu ya shige masa duhu, ya ajiye na'urar ya je ya yi tambaya. Babu abin da zai goge cikin minti 5.

Ana roƙon malaman azuzuwa su keɓe rana ɗaya a wannan wata. Kowane ɗalibi ya zo da wayarsa, a duba jerin izinin sanarwa tare. Wanda ya koya kuma ya koya wa maƙwabcinsa da matan gida.

Allah ya tsare dukiyar jama'a da mutuncinsu. Allah ya ba da damina mai albarka.